Akuya a Sikelin Kaka

A Magama, dab da bakin iyakar Jibiya, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da jar akuya da take ji da ita. Ko ƙosai ta saya, sai sun raba.

Ana nan sai akuyar ta fara ramewa. Malam Abdulfatah, malamin dabbobi, ya duba ta, ya ba da maganin tsutsar ciki.

"A auna ta tukuna," in ji shi. "Kowane kilo goma, murfin kwalba ɗaya."

Kakanta, Malam Ahmadu, ya ce, "Ki jira in dawo daga kasuwa, mu yi tare."

Ina! Wa ya ga haƙuri wurin mutuniyar? A zaure akwai wani tsohon sikeli mai ƙugiya, tun na zamanin cinikin gyaɗa. Ta cusa akuya a buhu, kai a waje. Ta hau turmi, da nishi da komai ta rataya. Akuya na lilo tana "mee!"

Allurar sikelin ta tsaya kan arba'in.

"Murfi huɗu ke nan. Lissafi ai a jinina yake!" Ta ɗura mata.

Kafin la'asar akuya ta kwanta. Yawu na dalala, ƙafafu na rawa. Yarinya ta fashe da kuka.

Sai ga Ummaru, wani ɗan dako mutumin Maraɗi, ya zo ajiye baronsa a zauren.

"Ɗiyata, mi ya faru?"

Ta gaya masa duka. Ya ɗaga akuyar, ya jinjina ta.

"Wagga ce kilo arba'in? Shekarata ashirin ina dako bakin iyaka. Ko ashirin ba ta cika ba!"

Daidai nan Kaka ya shigo. Ya dubi sikelin, ya girgiza kai.

"Wannan tsohon bai san kilo ba, jikalle. Laba yake aunawa, awon Turawan Ingila. Laba biyu da 'yan kai su ne kilo ɗaya. Kin ninka mata magani."

"Kaka, mutuwa za ta yi?"

"Da sauran numfashi. Ummaru, taimaka."

Ummaru ya kwantar da akuya cikin baro, suka nufi wurin Malam Abdulfatah. Malamin ya yi mata allura, ya ce a ajiye ta a inuwa, a yi ta ba ta ruwa.

Kwana biyu yarinya na gadinta. A na uku da hantsi, akuya ta miƙe, ta sa baki cikin harawa.

Yarinya ta ruga ta durƙusa gaban kakanta. "Ka yafe mini, Kaka. Na ɗauka na sani."

Kaka ya dafa kanta. "Na yafe. Lambar kin karanta daidai, amma ba ki tambayi ko lambar mece ce ba. Abin da ba ki sani ba, ki tsaya ki tambayi manya. Mai tambaya ba ya ɓata."