Bugu Biyu A Bakin Tukunya

"Mayar da abinka, Injiniya. Wallahi ba zan hau sama da shi ba!"

Auta ta tura kwalin a kan teburin shagon, har ta kusa ture wata fanka da ya kwance yana gyarawa.

"Ki tsaya ki gani mana tukuna..."

"Ba na son gani."

Bai yi fushi ba, dama shi ba ya fushi. Shi ne mai gyaran kayan wuta a ƙasan benen da su Auta ke haya, su fanka, dutsen guga, injin markaɗe. Ba wani karatun injiniya ya yi ba, mutanen layi ne suka laƙaba masa sunan. Wata bakwai ke nan yana sonta, kuma a wata bakwai ɗin nan ba su taɓa hirar da ta wuce minti uku ba.

Ya buɗe kwalin a hankali. Wata 'yar na'ura ce mai hannu biyu da ake maƙalawa a bakin tukunya, da muciyar roba a tsakiya. Ya danna maɓalli, muciyar ta fara zagayawa ita kaɗai.

"Caji ake yi mata kamar waya," ya ce. "Sahibata, dubi wuyan hannunki yadda ya kumbura. Don shi na saya, ba don komai ba."

Ta yi saurin ɓoye hannun a cikin mayafi.

"In Baba ya gane fa?"

"To ki bari in hau in gaishe shi, in yi masa bayani da bakina."

"A'a! Kar ka soma... Don Allah kar ka soma."

Baban Auta tsohon tela ne, ciwon suga ya ɗauke masa ido shekara huɗu da suka wuce. Bayan shekara biyu Mama ta rasu, kuma a kicin ta rasu. Yana zaune a falo yana jin ludayinta na kai da kawowa, sai ludayin ya yi shiru. Ya kira, ya sake kira. Kafin ya lalubo ƙofar kicin, ta riga ta cika.

Tun daga ranar, da an ɗora tukunya kunnen Baba na kicin. Ludayi ya tsaya ko na ɗan lokaci ne, sai ka ji muryarsa tana rawa: "Auta! Auta!!"

Yayyenta duk sun yi aure sun yi nisa, ita kaɗai ta rage masa. Ita ce mai ba shi magani, ita ce mai karanta masa saƙon waya, wuni guda tana gefensa. Likita kuma ya ce da yamma abu mai laushi zai riƙa ci, garin hatsi da madara, a ƙaramar wuta. Minti ashirin da biyar ana juyawa, in ka ɗauke hannu sai ya kama. Wannan minti ashirin da biyar ɗin ne kaɗai Baba ba ya kiranta, don ludayi na amsa masa.

Ta daɗe tana kallon na'urar. Daga ƙarshe ta ɗauki kwalin ta tura ƙarƙashin mayafinta, tana waige-waige kamar wadda ta yi sata.

Ranar farko tsayawa ta yi a kan tukunyar, hannunta a kusa da maɓalli, tana jiran ta ji an ƙwala mata kira. Muciyar na karzar gindin tukunya, karr... karr... karr... Baba bai kira ta ba. Da ta kai masa abincin, cewa kawai ya yi, "Allah ya yi miki albarka."

Rana ta uku ta buɗe ƙofar baya ta kicin, wadda ke kai mutum ga wata 'yar siririyar matakala har bayan shagon Injiniya. Ta sauka taku biyar ta dawo a guje.

Rana ta huɗu ta sauka har ƙasa.

Injiniya ya ɗago ya gan ta, sukurdireba ta faɗi daga hannunsa.

"Ke! Wa kika bar wa tukunyar?"

"Ƙanwarka na'ura mana," ta ce tana haki. "Ai ita ba ta gajiya."

"Auta, gas fa a kunne yake..."

"Wutar 'yar ƙarama ce. Saurara ka ji, daga nan ma ana jinta."

Tagar kicin ɗin na saitin kansu. Suka yi shiru. Karr... karr... karr...

"Minti goma kawai," ta ce.

Ya janyo mata wani tsohon akwatin talabijin ta zauna. Ya ba ta labarin matar da ta kawo masa dutsen guga tana ta faɗa wai ya mutu, ashe ba ta kunna soket ba. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta toshe bakinta da sauri ta kalli tagar.

Haka suka yi kwana goma sha ɗaya. Kullum tana saukowa da tsoro, tana komawa da tsoro. Rabin kunnenta na wurinsa, rabi na tukunya. In Baba ya yi tari a lokacin cin abinci sai ta ɗago da sauri ta zuba masa ido. In ya ce "Auta," sai ta ce a ranta shi ke nan, yau asiri ya tonu, alhali ruwa kawai zai ce ta ba shi.

Ranar da abin ya faru, tun safe aka ɗauke wuta, ba ta samu ta yi wa na'urar caji ba. Da ta maƙala ta a tukunya ta ga 'yar fitilarta ta koma ja tana ƙyaftawa. Ta tsaya tana kallo. Zuciyarta ta ce mata ki zauna. Sai ta ce ai minti goma ne, za ta kai.

Ta same shi a tsaye, fuskarsa ba walwala. Mai walda na maƙwabta ya tayar da janareta, sai da suka ɗaga murya.

"Innata ta sake tambayata jiya," ya ce. "Ta ce yaushe manya za su zo?"

"Ka ce mata ta ƙara haƙuri."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba!"

"Auta, ni wallahi wannan ɓoye-ɓoyen ya fara damuna. Dattijo yana sama shi kaɗai, wuta na ci, mu muna nan. Ko barcin kirki ba na yi. Abin da na saya don hannunki ya huta, mun mayar da shi abin yaudara."

"Au, yaudara ma kake kira?" Hawaye ya cika mata ido. "Ka san abin da zai faru in ya ji maganar aure? Zai ce zan tafi in bar shi kamar yadda kowa ya tafi! Ba zai ce a'a ba, Baba ba ya cewa a'a. Shiru zai yi, ya daina cin abinci, in wayi gari in ga..."

Ba ta ƙarasa ba. Janaretan mai walda ya mutu.

Layin ya yi tsit.

Auta ta ɗaga kai ta kalli tagar. Babu karr. Babu komai.

"Tun yaushe ta tsaya?" ta ce da wata irin murya. "Injiniya, tun yaushe?"

Sai ƙaurin madara ya sauko musu.

Abin da ya fi kaɗa ta ba ƙaurin ba ne. Ludayi ya yi shiru, amma Baba bai kira ta ba. Shekara biyu bai taɓa barin shirun nan ya wuce ba tare da ya ƙwala mata kira ba.

Daga sama suka ji ƙarar tukunya ta faɗi ƙasa.

"Innalillahi! Baba!!"

Ba ta san yadda ta hau matakalar ba. Takalminta ɗaya ya cire ta bar shi. Tana tura ƙofa hayaƙi ya tare ta. Baba na tsaye a gaban murhu, jingine da bango, ya riƙe hannunsa na dama da na hagu. Tukunyar na kife a ƙasa, na'urar ta yi gefe, madara ta malale ko'ina. Wutar gas ɗin a kashe take.

"Baba! Baba na shiga uku! Ina ne ya ƙone? Nuna min!"

"Yi a hankali," ya ce. "Kar ki taka, da zafi."

Ta rasa abin da za ta kama. Sai ta ga wani hannu ya wuce ta gefenta ya kama Baba. Injiniya ne, ya biyo ta ba ta sani ba. Ya ja shi a hankali zuwa famfo, ya naɗe masa hannun riga, ya buɗe ruwa a kan ƙunar. Bayan hannun ya yi jawur har zuwa wuyan hannu.

"Sannu Baba. Bar shi a ruwan, kar ka cire. Sannu..."

Can Baba ya kai hannunsa na hagu ya shafa yatsun da ke riƙe da shi.

"Wannan hannun ya sha sukurdireba," ya ce. "Kai ne mai fankar ƙasa ko?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Laifina ne, ni na kawo abin."

"A'a, ni ce!" Auta ta zube a ƙasa ta kama ƙafar mahaifinta tana kuka. "Baba ka yafe min. Ba na kicin, na sauka ƙasa. Ba yau na fara ba. Wata na'ura ce take juya tukunyar, na bar ka kana zaton ni ce..."

"Wa ya ce miki ina zaton ke ce?"

Ta ɗago kai ta kalle shi.

"Uwarki," ya ce, "in ta yi juyi kamar bakwai, sai ta buga ludayi sau biyu a bakin tukunya. Ƙwas, ƙwas. Ke ma haka kike yi, ba ki ma san kina yi ba. Ranar da na ji ana juyi babu bugu, babu hutawa, wallahi sai da zufa ta karyo min. Na ce wane ne wannan a kicin ɗina? Na buɗe baki zan kira, sai na ji kina zuba ruwa a kofi. Na ce to, tana nan, wani abin zamani ta samo."

"Amma da na fara sauka..."

"Ƙofar bayan nan ƙara take yi, Auta. Ido na rasa, kunnena ras yake." Ya ɗan yi murmushi duk da zafin. "Ranar na tsorata ƙwarai. Ina zaune ina ta addu'a. Sai na ji dariyarki ta taga. Rabon da in ji wannan dariyar tun uwarki na da rai."

Ruwa na ta zuba a famfo.

"To me ya sa yau ba ka kira ni ba?" ta ce da ƙyar. "Da ka kira ai da na taho a guje!"

"In na kira, kin daina sauka ke nan har abada, na san halinki. Na ce bari in lallaɓa in kashe wutar in koma in zauna kamar ban san komai ba. Na kuwa kashe. Hannun rigata ne ya kamo hannun abin naku."

Auta ta kifa kanta a kan ƙafarsa, kuka ya ƙwace mata sosai.

"Na ɗauka in ka ji zan yi aure..."

"Ina tsoro mana. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina tsoron ranar da gidan nan zai yi shiru. Amma na fi tsoron in mutu in bar ki da ludayi a hannu, ba kowa a gefenki."

Injiniya ya share idonsa da kafaɗa, don hannayensa na riƙe da Baba.

"Baba, in ka ba ni ita, ba inda zan kai ta. Shagona na ƙasa. Ni zan hauro."

"Ka ji ɗan wayo," in ji Baba. "Zai samu mata, ya samu bene. To kai ni asibiti tukuna, malam, hannun nan ci yake yi."

A asibitin unguwa aka wanke ƙunar aka naɗe. Nas ta ce Allah ya taƙaita, ruwan da aka yi saurin sa masa ya taimaka, amma sai ya yi sati biyu yana zuwa ana canza bandeji. A hanyar dawowa Baba ya dafa kafaɗar Injiniya har gida. Suna hawa matakalar gaba ya ce masa, "Ka ce wa innarka ta turo manya. Kuma daga yau ba mai barin wuta ita kaɗai a gidan nan. Mai son hira ya hauro falo."

Bayan kwana uku Injiniya ya hauro da na'urar, ya gyara hannunta da ya karye.

"Baba, na yi wani tunani," ya ce. "Zan iya sa mata wani ɗan ƙarfe, ta riƙa buga bakin tukunya sau biyu, yadda ka saba ji."

"Kul! Kar ka taɓa." Baba ya ɗaga hannunsa mai bandeji. "Bar ta ta yi juyinta, hannun yarinya ya huta. Amma bugun nan ka bar min shi. In na ji shi, in san 'yata ce."

Auta na kicin tana jin su. Ta maƙala na'urar, ta rage wuta, ta tsaya tana kallon madarar na zagayawa. A falo Baba ya fara ba Injiniya labarin keken ɗinkinsa na farko, Injiniya na cewa ai a kawo shi ya duba, ƙila ya tashi.

Ta share hawayenta, ta ɗauki ludayin Mama daga inda yake rataye, ta buga a bakin tukunyar.

Ƙwas, ƙwas.

Hirar falo ta tsaya.

"Na ji ki, Auta," in ji Baba. "Fito ki zauna da mu."