Waƙar Kwance Kitso

Waƙar da uwa ta bar wa 'yarta, ta mai rera ta ce, ko ta kakannin da aka manta sunansu? Ni dai har yau ban sani ba.

Ziemowit ya iso ƙauyen bakin kogin Bug da rakoda, sanye da farar riga mai jan ɗinki, yana farautar tsofaffin waƙoƙi. Yana cikin matasan da suka koma addinin kakanni, masu ganin Slabawan dā, tushen kabilarmu, sun fi mu sanin ƙasa da mutunci. Jagoda ce ta buɗe masa ƙofa, hannu duk fulawa, ta tambaye shi daga wane wasan kwaikwayo ya tsero. Tun ranar bai rasa dalilin dawowa ba.

Kakarta Genowefa, wadda ta rene ta, ta rera masa waƙar kwance kitso, wadda a danginsu amarya ba ta zama matar aure sai da ita. Ya dawo da waƙar a gyare: ya cire sunan Maryamu mai tsarki, ya sa na Mokosz, allahiyar ƙasa, wai haka take tun asali.

"Uwata ka yi wa gyara, yaro?" Kaka ta rantse ba za ta rera a bikinsa da Jagoda ba, ta kuma soma gayyatar makaɗin coci cin abincin Lahadi, ko jikarta za ta koma gare shi.

Jagoda ta tura masa saƙo: "Bokana, kana girmama kakannin shekara dubu, ka raina wadda muka san kabarinta. Ina sonka, amma ba zan shiga gidanka da kitso ba."

Maganar ta daɗe tana cinsa. Da bikin ciyar da magabata ya zo, ya gayyaci Jagoda da Kaka. Ya ajiye faranti ɗaya daban, ya kira sunan Apolonia, mahaifiyar Kaka, ya rera waƙar yadda ta bar ta, har da Maryamu. Kaka ta ce muryarsa ta akuya ce.

Ranar biki, a gindin babban itace, Kaka ta zauna can gefe da carbinta. Da ƙawaye suka kama kitson suna tuntuɓe da baitin farko, sai ta miƙe.

"Ku matsa, kar ku kashe min waƙa." Ta dafa kan Jagoda, ta dubi ango. "Allah ya zaunar da ku, ɗana. Na sama kuwa su sasanta kansu."

Ta warware kitson, ta ɗaga murya.