Famfon da Bai Tashi Kaza Ba

A can wani gari an yi wata tsohuwa mai tankin tara ruwan sama. Jan guga ya gajiyar da ita, sai ta tafi sayen famfo.

Mai shago ya tayar da ƙaton inji, ya ce, "Iya, da wannan duk unguwa za ta san kin yi saye!"

Ta ce, "Ɗan nan, kazata na kwanci a gindin tankin. Zai tashe ta?"

"Zai tashe ta."

Ya kawo matsakaici.

"Zai tashe ta?"

"Zai tashe ta."

Sai ta ɗauki ƙaramin famfon hannu, mutane na ta dariya.

Ruwa ya zubo a hankali, kaza ko motsi. Da aka yi ƙyanƙyasa, 'yan tsaki suka jeru suna shan ɗigon famfo, tsohuwa na tuƙawa tana waƙa.