Inuwa a Farin Bango

Na daɗe ina fama da kyamarar yayana, amma duk hoton baƙi-da-fari da na ɗauka sai ya fito toka-toka, ba baƙin kirki, ba farin kirki. Ya ce gobe zai karɓe abarsa, tunda wasa nake.

Haushi ya fitar da ni bayan isha'i, na tsaya ƙarƙashin fitilar titin layinmu. In ɗauka, in duba, in yi tsaki, in goge.

"Ɗana, ka daina bin haske gaba da gaba," wani dattijo ya ce daga bayana. Ban ji takunsa ba, sai wani sanyi kamar an buɗe randa. "Bari ya zo ta gefe. Inuwa ce ke ba hoto baƙi. Gwada da ni."

Ya tsaya jikin wani farin bango. Na matsa gefe, na danna.

Hoton ya fito tas, bango fari ƙal, inuwa baƙa ƙirin. Sai dai babu mutum a gabanta.

Na ɗago kai. Dattijon yana nan, bai motsa ba.

"Ya yi?" aka tambaye ni.

Bakinsa a rufe yake. Bakin inuwar ne ya motsa.