Hannun Baffa a Cikin Kaset

Tunda aka haife ni Baba bai taɓa jifa ta da komai ba sai ranar nan. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, ya shigo ko sallamar kirki babu, ya wurgo wani kaset ya faɗo cikin farantin da ke cinyata.

"Ɗauka ki karanta min sunan da ke jiki."

Ban ɗauka ba. Ni da na zaɓi launin bangon kaset ɗin, me zan karanta?

"Abdulbaƙi ne, Baba..."

"Na sani. Wa ya ba shi hannun Musbahu?"



Babana, Malam Nata'ala, mai bugu ne. A soron gidanmu da ke Ƙofar Mata akwai wani dogon gungume da ya girme ni nesa ba kusa ba. A kansa ake shimfiɗa shadda ko rawanin da aka rina, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, kowa da gudumarsa ta itace, su yi ta bugu har kayan ya ɗauki ƙyalli. Wannan ya sauke, wancan ya ɗaga. Shekara talatin Baba yana wannan zama da ƙaninsa, Baffa Musbahu. Da sautin bugunsu na yi wayo.

Wata huɗu kafin ranar nan Baffa ya kwanta zazzaɓin kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. Tun daga lokacin soron ya yi shiru. An kawo wa Baba abokan bugu har mutum uku, babu wanda ya wuni. Ga shi lokacin sojoji na shirin miƙa mulki, duk wanda ya ci zaɓe yana son babbar rigar da za ta ɗauki ido ranar rantsarwa. Shadda aka yi ta kawowa tuli-tuli, Baba yana mayar da ita a naɗe.

"A kasuwar Kurmi na ji shi," in ji Baba. "A shagon mai kaset. An lulluɓe shi da fiyano da sarewa, an zaci ba zan gane ba. Na tsaya a tsakiyar hanya ina waige-waige kamar zautacce, ina neman ƙanina... Zaituna, wa ya shigar masa da rikoda sorona?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Da ma ya mare ni, da ya fi min sauƙi.

"Ki gaya masa kar ya ƙara taka min ƙofar gida. Alfarmar da Musbahu ya roƙa masa ta bi Musbahu."

Ya shige ɗaki. Gwaggo Husaina, yayar Baba wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, ta zo ta zare farantin daga cinyata. Ta ce hawaye ba ya cikin kayan haɗin shinkafa.

A soron nan na fara ganin Abdulbaƙi. Ɗan Gwale ne, mahaifiyarsa ta aiko shi da shadda. Mutum ya miƙa kaya ya tafi, a'a, sai ya tsaya a bakin ƙofa baki buɗe, yatsunsa na motsi a jikin cinyarsa. Na fito da abincin su Baba na same shi ya tare hanya.

"Malam, in ka gama ƙirga musu, zan wuce."

"Kin ji abin da suke yi kuwa?"

"Aiki suke yi."

"Wallahi kiɗa ne. Malamanmu ma ba su iya irinsa ba."

Na ce a raina wannan da alama ba lafiya. Ashe ni ce zan kamu. Daga ranar shaddar gidansu ba ta ƙara ƙarewa ba, har Baffa ya tambaye shi ko rini suka buɗe a Gwale.

Kiɗa yake karanta a kwaleji, ya haɗa da kwas ɗin kasuwanci. Abokansa na yi masa dariya, wai ya riƙe fiyano da hannu ɗaya, sikeli da ɗaya. Shi kuwa cewa yake ba zai zama makaɗin da ke bin gidajen masu hali yana wasa su ba. Zai yi kiɗansa, ya sa a kaset, ya kai shago, wanda ya ji yana so ya saya kamar yadda ake sayen hula. Lokacin kamfe har mutanen wani ɗan takara sun biyo shi gida don ya yi musu kiɗa, ya ce su yi haƙuri. Ranar na ƙara son sa, ko da yake na ce masa girman kai ne.

Da maganarmu ta je gaban Baba, cewa ya yi ba ya haɗa zuri'a da maroƙi. Baffa ne ya tsaya mana.

"Yaya, wanda ya yi abu da hannunsa ya sayar ai ba maroƙi ba ne. Bar shi ya gama karatun mu gani."

Baba bai ce e ba, amma bai ƙara cewa a'a ba.

Aikinsa na ƙarshe a makaranta shi ne ya haɗa kaset, ya buga masa bango, ya raba a shaguna, sannan ya rubuta rahoton yadda cinikin ya tafi. Ya ce min da bugun su Baba yake son gina kiɗan. Na ce ya tambaye su. Ya ce yana tsoro. Ni ma tsoron nake ji, amma so hana ganin laifi. Na karɓi 'yar rikodarsa na tura ƙarƙashin tawul a kwandon abinci, na danna, na ajiye kwandon a gefen Baffa don ban da ƙarfin halin kai shi kusa da Baba. Na fice da gudu.

Washegarin faɗan Baba, bayan la'asar, Gwaggo ta aike ni sayen daddawa, alhali akwai daddawa a gidan. A bakin lungu na same shi jingine da babur ɗinsa. Na faɗa masa komai.

"Zaituna, don girmama Baffa na yi. Na ce ko bayan ransa a ji..."

"Ka tambayi wa?"

Na ƙara da cewa:

"Mutumin nan ko gudumar Baffa ba ya iya kallo, kai ka kai masa shi kasuwa. Ni ma da laifina, na sani. Amma da Baffa ya rasu ai sai ka dakata."

"Gaskiya ne."

Na so ya yi musu in samu na yi. Bai yi ba.

"Zan kwaso su duka," ya ce.

"Rahoton fa? Saura mako uku ka miƙa."

"In babu kaset a kasuwa babu rahoto. Sai in maimaita shekarar."

"Abdulbaƙi..."

"Rabin raina, shekara ana maimaita ta. Ke fa?"

Na juya masa baya don kar ya ga fuskata. Na koma gida babu daddawar, Gwaggo ba ta ko tambaya ba.

Kwana tara ya yi yana bin shaguna, daga Kurmi zuwa Ƙofar Wambai har Sabon Gari. Masu shago wasu suka ce ya haukace, kaset na tafiya zai janye. Waɗanda aka riga aka saya babu yadda ya iya da su. Sauran ya tattaro.

Ranar Asabar da hantsi ya zo da kwali ɗaure a bayan babur. Tunda an ce kar ya taka ƙofar, sai ya tsaya a tsallaken lungu, kwalin a hannu. Rana ta yi ta ɗagawa, bai matsa ba. Ni ina leƙe ta ɓular ƙyaure.

Gwaggo ta je bakin ɗakin Baba.

"Nata'ala, ɗan mutane zai narke a ƙofarka."

"Ni na ajiye shi?"

"Ko kora ce ai sai ka fita ka yi da bakinka. Haka aka rene mu?"

Baba ba ya iya musu da Gwaggo. Ya fita soro, ya ce ya shigo. Na laɓe a bayan ƙofar da ke tsakanin soron da cikin gida.

Abdulbaƙi ya durƙusa ya ajiye kwalin.

"Baba, ga abin da na samu. Wanda aka saya ban iya dawo da shi ba, ka yafe min. Na ɗauki abin da ba nawa ba, kuma ni na sa Zaituna. In ka ce a ƙona, yanzu zan ƙona."

Ya ciro wani kaset marar bango daga aljihu, tare da rikodar.

"Wannan shi ne na asali. Babu fiyano, babu komai. Naka ne."

Baba ya zura wa kaset ɗin ido. Na ɗauka zai ce ya kwashe kayansa ya fita. Sai na ji ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Kunna."

Ni kaina ban taɓa jin na asalin ba. Da farko ƙarar ajiye kwando, sai takun gudun da na yi. Sai motsin tawul. Sai muryar Baffa, kusa-kusa, yana magana da kansa cikin 'yar dariyar nan tasa:

"Oho... yau kwandon namu har da jan ido. Yarinyar nan da wayo take."

Na toshe bakina da gyale. Ashe ya ga 'yar fitilar rikodar.

Sannan ya ɗaga murya: "Yaya, yau mu yi irin na Babanmu, wanda yake yi wa rawanin angwaye. An daɗe ba a ji shi ba."

Aka ji Baba daga nesa yana cewa, "Kai dai ba ka gajiya." Sai bugu ya tashi. Da yake kwandon na gefen Baffa, gudumarsa ce ke fita raɗau, ta Baba tana can baya-baya.

Baba ya ɗago da jajayen idanu. "Ka ji wannan maganar tun farko?"

"Na ji, Baba."

"Me ya hana ka kare kanka da ita?"

"Shi ya yarda. Kai ba a tambaye ka ba."

Baba ya miƙa hannu bayansa ya jawo wata shadda da ta fi wata uku a jingine, ya warware ta a kan gungumen. Ya nuna wurin zaman Baffa.

"Ajiye shi can."

Abdulbaƙi ya ɗora rikodar a kan buzun Baffa. Baba ya ɗauki gudumarsa, ya saurara kaɗan, ya faɗa cikin bugun daidai inda nasa yake. Baffa ya sauke, Baba ya ɗaga. Hawaye na bin gemunsa yana ɗiga kan shaddar mutane, bai share ba, bai kuma kuskure ko sau ɗaya ba. Maƙwabta suka fara tsayawa a bakin soro. Gwaggo ta zo ta dafa kafaɗata, ita ma kukan take yi.

Kaset ya kai ƙarshe, rikodar ta yi ƙas ta tsaya. Baba ya ƙara bugu biyu shi kaɗai, sannan ya ajiye gudumar.



"Wannan nawa ne," ya ce yana dafa rikodar. Ya tura kwalin da ƙafa zuwa gaban Abdulbaƙi. "Waɗannan kuma ka mayar kasuwa. Tunda ya zaɓi bugun mahaifinmu, so yake a ji. Amma ka canza bangon. Na duba gaba da baya, na ga sunanka, na ga na mai fiyano, ban ga na mai aikin ba. Haka aka koya muku kasuwancin?"

"A'a, Baba."

"Ka rubuta Musbahu mai bugu, Ƙofar Mata. Da manyan baƙi."

"Da naka, Baba?"

"Nasa ya isa." Ya goge fuska da hannun riga. "Ka miƙa rahoton naka a kan lokaci, ba na son mai maimaita aji. In ka gama, ka turo magabatanka. Shi ya so ya karɓe su... to, ni zan karɓe su a madadinsa."

Abdulbaƙi ya kifa kai a ƙasa. Ni kuwa na jingina da ƙofar, ƙyauren ya yi ƙara.

"Zaituna," in ji Baba ba tare da ya waiwayo ba, "tunda laɓen bai ƙare ba, shigo."

Na shiga kaina a ƙasa, na durƙusa. "Baba, ka yafe min."

"Na yafe." Ya turo min rikodar a hankali, da hannu biyu. "Zo ki nuna min inda ake dannawa ya koma farko. Ina son in ƙara jin dariyarsa."