An Bar Nata'ala a Safar Garwa

"Kai za ka shiga safa," in ji Hamajoɗa, uban gayyar, yana goge bindigar da ya saya a hannun wani soja bayan yaƙin basasa. "Fuskarka kamar ta ladan. Mu muna jira gaba da Fufore. Da kun iso tsamiyar nan, ka ce cikinka ya murɗa."

Nata'ala ya daka tsalle a ɗakinsu na unguwar Yolde Pate. Fashinsa na farko! Jiya yana ɗinkin katifa a kasuwar Jimeta, yau ga wuƙa a ƙugu. Ya'u, direbansu, har da riƙe ciki don dariya.

Bayan isha'i safar Garwa ta Kamaru ta tashi, maƙil da fatake masu tsallaka iyaka. Atamfa a sama, kaji a ƙasa. Aka matse Nata'ala jikin Gogo Kaltume, wata ƙatuwar mai sayar da turare.

"Ɗana, ci gyaɗa."

"Na ƙoshi, Gogo."

"Ƙoshin me? Dubi wuyanka! Ci!"

Ya ci. Wani ya kife tasa ya kama kiɗa, mata suka ɗauki waƙa. Nata'ala ya shiga tafi har da juyi, saura ƙiris tsamiya ta wuce.

"Direba! Cikina! Tsaya!"

Birki — ƙiiii! Harbi sama — tau! Hamajoɗa ya faɗo ciki, rawani rufe da fuska.

"Kowa ƙasa! Lalita waje!"

Nata'ala ya zare wuƙa. Agogo, zobba, awarwaro, duk cikin buhu. Ya miƙa wa Ya'u ta taga.

"Tsare su mu tada mota," in ji Hamajoɗa.

Motarsu ta tashi. Fitilunta suka yi nisa, suka ƙara nisa, suka ɓace.

"Oga? Oga Hamajoɗa!"

Ya waiwayo. Idanu ko'ina.

"Ɗana," in ji Gogo Kaltume, tana gyara zani, "zo nan."

Tim! Ta zauna masa a baya, wuƙa ta yi ƙarƙashin kujera. Direban safa ya taka mai sai shingen 'yan sanda na garin Gurin, fasinjoji na ta shewa.

Saje Apollos ya leƙo da tocila. "Ina ɓarawon?"

"Ga shi nan ƙarƙashina, yallaɓai."

"Mashigin kogin Faro!" Nata'ala ya yi kururuwa da sauran numfashinsa. "Can za su ƙetare! A ɗaga ta, don Allah!"

'Yan sanda suka bazama. Gari na wayewa suka tarar da motar ta kafe a yashi, Ya'u kife a kan sitiyari, harsashi a bayansa. Uban gayya ba ya son raba daidai. Shi kuwa ga shi tsakiyar kogi, ruwa iya wuya, buhu a ka. Gaba jandarmomin Kamaru, baya Saje Apollos. Ya saki buhun ya ɗaga hannu.

Hamajoɗa dai a jikin durom ya ƙare, aka ɗaure shi aka harbe gaban jama'a. Nata'ala ya tsira da ransa saboda tona asirin da ya yi, amma sai da uwarsa Azumi ta sayar da gidanta na unguwar Ajiya don biyan lauya. Ranar da ya fito daga kurkuku, da furfura a gemu, ya yi ta zaga unguwa yana tambaya. Ba a samu wanda ya iya nuna masa kabarinta ba.