Ƙararrawar Makarantar Gindin Dutse

Ranar da aka rufe firamaren gindin dutse saboda yara sun ƙare a ƙauyen, Lai Tiam-ting, maigadinta, ya kwance ƙararrawar tagulla ya tafi da ita gida. Bai tsaya a ɗakin bautar Kakan Ƙasa, gunkin da ke tsare ƙauyen, a bakin gada ya nemi izini ba, alhali a ƙauyen nan ko bishiya ba a sarewa sai an kunna masa turare. Kewa ce ta rufe masa ido. Matarsa ta rasu, samari sun gudu birni, 'yarsa Siu-kim kaɗai ta rage masa.

Da yammacin nan suna cin shinkafa, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya leƙa waje, babu kowa sai gonakin shayi da hazo. Ya ɗauki dutsen ya ji shi a jiƙe, irin na kogi, ga shi kogin yana can ƙasa da nisa.

Kullum rana ta sunkuya sai jifa. Daga baya Siu-kim ta daina cin abinci. Takan zauna gaban ƙararrawar ta harɗe hannu a ƙirji kamar 'yar aji ɗaya, ita da ta isa shiga sakandare. In ya kira ta, ko waiwaye. Tsoro ya kama shi, don in ta tafi ba shi da kowa.

Ya je ya ɗauko Shifu Ang, tsohon malamin babban ɗakin bauta, mai ɗaura jan ƙyalle a ka. Malam ya kunna turare, ya busa ƙaho, ya dafa goshin yarinyar.

"Wace ce ke a jikin 'yar mutane?"

Muryar da ta fito ƙarama ce, tana rawar sanyi. "Ni ce wadda ruwa ya ci a hanyar makaranta, tun ba a yi gada ba. Gidanmu ba su sa sunana a teburin tunawa da kakanni ba, wai 'ya mace da ba ta yi aure ba baƙuwa ce. Sai na zauna a aji. In Kawu maigadi ya kaɗa ƙararrawa da safe in shiga, in ya kaɗa da yamma in koma kogi. Tun da aka cire ta ba a tashe ni daga aji ba."

"Za mu ƙona miki gidan takarda, har da bene, ya iske ki a can ki zauna."

"Wa zan zauna da shi a ciki? Ku bar mini wannan yayar."

"Wannan kam ba ki isa ba, 'yar nan. Faɗi wani abin."

Ta dubi ƙararrawar. "To a riƙa tashina."

"Zan riƙa yi," in ji Tiam-ting, tun malam bai dube shi ba.

"Ka san abin da ka ɗauka?" in ji Shifu Ang. "Ba ranar hutu, ba zuwa birni."

"Na sani."

Siu-kim ta yi atishawa, ta kife. Da ta farfaɗo ta ce, "Baba, yunwa nake ji."

Da lokacin kaka, Siu-kim ta shiga makarantar kwana a birnin Taichung. Ta yi ta roƙonsa ya koma can kusa da ita, ya ce gwiwarsa ba ta son mota.

Ya mayar da ƙararrawar inda take. Har yau, safe da yamma, yakan je ya kaɗa ta a makarantar da ciyawa ta cinye. Da yamma yakan riƙe ƙofa a buɗe na ɗan lokaci kafin ya rufe.

"Sai gobe," yakan ce. "Ki bi ta gada."